Hedimasta Mai Kai Uku

Akwai wani mutum a Wurno ana ce da shi Halliru, kuma yana nan da ransa, shagonsa na bakin tasha kusa da mai walda. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka tatsuniya nake yi. Ni Malam Abdulƙadiri, shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, goma sha tara daga ciki ina hedimasta, kuma ban taɓa rubuta abin da ban tabbatar ba.

Halliru ɗalibina ne. Aji huɗu sau biyu ya yi shi, da an bi ta tawa da ya yi sau uku. Bayan ya bar makaranta ya yi kabu-kabu, ya sayar da katin waya, sai aka neme shi aka rasa. Da ya dawo, ya dawo da kyamara a wuya, da kwamfuta a jaka, da wata sanda mai ƙafa uku da yake saɓawa a kafaɗa kamar maharbi. Ya ce Abuja ya je kwas. Daga baya muka ji kwas ɗin na kwana huɗu ne, kuma ranar farko ya ɓata ta yana neman wurin.

Ya kafa allo a bakin shago: INJINIYA HALLIRU, HOTO MAI IDO UKU. Kowace safiya yana teburin mai shayi yana wa jama'a lacca.

"Duk hoton da anka taɓa ɗaukar ku, makahon hoto na," in ji shi. "Kyamara ido guda gare ta. In ta dubi haske, duhu ya ɓace mata. In ta dubi duhu, haske ya ƙone. Ni ko sau uku nika ɗauka, guda don duhu, guda don haske, guda don tsakiya. Sannan in zuba su cikin kwamfuta ta dama su kamar hura, su hito hoto guda. Turawa na ce mai Eci-Di-Ar."

"Mi ke nan da Hausa?" in ji mai shayi.

"Ba a fassara shi. In anka fassara, daraja tai ta zube."

Gaskiya ɗaya ce, a nan bai yi ƙarya ba. Na tambayi wani malamin kimiyya, ya ce lallai akwai irin wannan aiki, kuma a hannun wanda ya iya abu ne mai kyau. Sai dai yana da sharaɗi guda: tsakanin ɗauka da ɗauka kada komai ya motsa, shi ya sa ake yin su a jere cikin ƙiftawar ido. Ina jin wannan babin ranar farko aka koyar da shi.

Ga yadda aka yi na faɗa hannunsa. Ni mutum ne baƙi ƙirin, alhamdu lillahi, kuma ba na sa tufafi sai farare. Tunda nake ban taɓa samun hoto na kirki ba. Ko dai riga ta fito tas, sai ka ga hula a sama, riga a ƙasa, tsakani babu kowa. Ko kuwa fuska ta fito, riga ta koma kamar an kunna fitila a ciki. Mai ɗakina Habi takan nuna wa jikoki hoton aurenmu ta ce, "Ku ga rigar da na aura."

To sai makarantar da na shugabanta ta cika shekara hamsin. Hedimastan yanzu, Malam Mu'azu, wanda shi ma ni na koya masa baƙi, ya aiko takarda cewa kowane tsohon hedimasta ya kawo babban hotonsa, za a jera su a bangon zauren taro, su zauna nan har abada. Har abada fa. Yaran da ba a haifa ba da wannan hoton za su san ni. Ina kuma da wata babbar riga farar shadda mai aska takwas, wadda malamai suka ba ni ranar da na yi ritaya. Burina bai wuce a ga fuskata a ga aikin rigar a takarda guda ba.

Ban kira Halliru ba. Shi ya ji labari ya yi sallama a zaure da sandarsa.

"Baba Hedimasta, ciwon da ka daɗe da shi, maganin ya zo har gida."

Habi ta leƙo daga bakin ƙofa. "Malam, wanda jadawalin lissafi na bakwai ya gagara, shi za shi haɗa hoto uku?"

"Tara, Inna," in ji Halliru. "Uku na talakawa na. Hedimasta tara ta dace da shi."

"To Allah shi kyauta. Uku ma ba ka ƙirga su daidai ba."

Na ce a yi a ƙofar gida, a jikin bango. Ya ce atafau, sai a madatsar ruwa ta Goronyo. "Ga sama, ga ruwa, ga riga, ga huska. In ban haɗa huɗun ga ba, Baba, in koma kabu-kabu."

Ranar Alhamis muka ɗauki mota. Na tafi da aminina Malam Andrawus, mutumin Zuru, wanda muka yi koyarwa tare shekara ashirin, ya yi ritaya ya ƙi komawa gida wai ya saba da albasarmu. Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa. Halliru ya zaɓi wani tudu a gefen hanyar da masunta da manoma suke bi, ya tsayar da ni, ya shiga kokawa da sandarsa. Ƙafa ɗaya ta ƙi miƙewa. Ya duba hagu ya duba dama, sai ya ce Malam Andrawus ya ara masa takalmi guda, ya tokare ta da shi.

"Yanzu, Baba, doka. Ba motsi, ba magana, ba ƙifta ido. Numfashi ma a yi shi da tattali."

"Na minti nawa?"

"Yanzu-yanzu."

Ashe bai san maɓallin da ke sa kyamara ta yi ɗaukar a jere ba. Bayan kowace ɗauka sai ya zaro wani littafi daga aljihu, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya karanta da ƙarfi, ya murɗa wani abu, ya ce "A'a, ba shi ba," ya mayar. Na duba agogon hannuna da wutsiyar ido. Tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu minti goma sha ɗaya.

A ta biyu ƙuda ya sauka a kan hancina, na kai masa hannu. A ta uku wani mutum ya koro jaki da buhunan albasa, jakin ya zo daidai bayana ya toge.

"Halliru, jakin ga fa?"

"Baba, ka yi magana! Bar shi. Kwamfuta ta san mutum, ta san jaki. Ita ba ta maimaita aji ba."

Masunta suka fara taruwa. Wani ya ce, "Mi tsohon ga ya yi anka tsai da shi rana?" Wani ya ce, "Hedimasta na fa." Na farkon ya ce, "Allahu akbar. Alhakin yara."

A ta huɗu kwalekwale ya ratsa ruwa a bayana. A ta biyar zufa ta riga ta jiƙa min wuya, sai Malam Andrawus ya kasa daurewa, ya ɗingiso da takalmi ɗaya ya buɗe min lema a ka.

"Malam Andrawus, ka hita cikin hoto!"

"Ka ba ni takalmina in fita. Mutumin nan hawan jini gare shi."

"Minti biyu!"

"Minti biyunka ai tun hantsi muke cikinsa."

Ana cikin haka aka kira azahar. Na sauke hannuwa.

"Baba, saura huɗu!"

"Ko saura rabi. Salla ba ta jiran kwamfuta."

Ya durƙusa ya zana da'ira a ƙasa kewaye da ƙafafuna, ya ce in na dawo in shiga ciki daidai. Na je na yi alwala, na cire hula na mayar, na yi salla tare da masunta. Da na dawo, wata mai sayar da soyayyen kifi ta ajiye farantinta a kan da'irar, ta ce ita nan take zama tun kafin a haifi mai kyamara. Halliru ya auna da ido ya ce in tsaya a gefenta, "duk ɗaya na." Rana kuwa ta riga ta juya, inuwata ta koma wancan ɓangaren.

Ta shida na waiwaya don mai kifi ta tambaye ni ko zan saya. Ta bakwai iska ta taso daga ruwa ta kifa min hannun riga a ka. Ta takwas yajin kifi ya shiga hancina na yi atishawa. Ta tara batir ya mutu, sai ya zaro wayarsa ya ɗauka da ita, ya ce, "Madalla. Abuja ma ba su taɓa samun irin wanga ba."

Sati biyu ina aikawa a nuna min hoton. Kullum amsa guda: yana Sakkwato wurin wanki, kuma amarya ba a buɗe ta sai ranar buki. Shi kuwa yana yawo daga Achida zuwa Rabah yana shela cewa ranar Asabar za a ga abin da ido bai taɓa gani ba. A wannan ma, in za a yi adalci, bai yi ƙarya ba.

Ranar Asabar zauren taro ya cika. Ga hakimai, ga tsofaffin ɗalibai daga Kaduna da Legas, ga iyaye mata a gefe, ga yara sun yi layi cikin fararen kaya. Aka buɗe hotunan tsofaffin hedimastoci shida, ɗaya bayan ɗaya, kowanne mutum ne zaune a kujera da kai guda, aka yi ta tafi. Nawa ne na ƙarshe. Ya ninka sauran girma, an lulluɓe shi da zane, mutum biyu suka ɗora shi a ƙusa. Halliru ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa ba tare da an ba shi ba.

"Jama'a, waɗancan hotuna na da. Wanga shi na na gobe. Duk wanda ad da rauni ga ido shi rage kallo. Malam Mu'azu, bismilla!"

Mu'azu ya ja zane.

Zan bayyana abin da na gani daidai, ba ƙari ba ragi. Kai uku. Na tsakiya yana kallon jama'a, na dama yana kallon kifi, na hagu baki buɗe ido rufe yana atishawa. Hula biyu a kan kai ukun, ɗaya kuma daga cikinta kunnuwan jaki suka tsiro. Hannuwa biyar na ƙirga: biyu a gefe, ɗaya a kan hanci, ɗaya ya ɗaga sama, na biyar kuwa ba nawa ba ne, yana riƙe da lema, ba shi da gangar jiki. Ƙirjina ya zama kamar gilashi, ana hango kwalekwale yana ratsa shi daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, da mutum a ciki yana tuƙi. Inuwa biyu, kowace ta kama gabanta. Sama, wadda ranar nan tas take, ta yi baƙi ƙirin kamar za a tashi duniya, ga wani farin haske ya kewaye ni kamar an shafa min alli. Kowane layi na fuskata ya zurfafa kamar hanyar ruwa a fadama. Aikin rigar dai ya fito. Aska takwas ce, amma a hoton na ƙirga goma sha tara.

Jama'a suka zuba wa hoton ido. Sai wata tsohuwa ta ce, "A'uzu billahi!" Yaran aji ɗaya suka fashe da kuka, layi ya watse, biyu suka fita ta taga.

Wani hakimi ya gyara gilashinsa ya ce, "Malam Mu'azu, wanne daga ciki na hedimastan?"

"Duka, ranka shi daɗe," in ji Halliru. "Hikima ta. Na tsakiya malami, na dama uba, na hagu kuma..."

"Mura," in ji Malam Andrawus. "Kuma hannun can nawa ne. Ka mayar min da shi, yadda ka mayar da takalmin."

Habi ta miƙe daga cikin mata. "Halliru! Kunnuwan fa? Shekara arba'in ina tare da Malam ban gan su ba."

"Inna, ido bai ganin komi. Kyamara na ganin abin da ya ɓoye."

"To ka ɗauki kanka da ita mu gani."

Dariya ta ɓarke har da masu rawani. Ni ban yi ba. Na miƙe, na kira shi da muryar da nake kiran mai makara.

"Halliru. Hoto nawa ka ɗauka?"

"Tara, Baba."

"Mutum nawa ka ɗauka?"

"Guda."

"Kai nawa ya kamata shi hito?"

Ya ɗaga ido sama, leɓensa na motsi. Wallahi lissafi yake yi.

"Baba, matsalar kun yi kusa da shi da yawa. Irin wanga hoto daga nesa aka kallo nai. In ka ja baya, kawunan na haɗewa. Ku gani." Ya fara ja da baya yana kanne ido ɗaya. "Saura kaɗan. Kun gani? Sun fara matsowa." Ya kai tsakiyar zaure. "Kaɗan ya rage." Ya kai bakin ƙofa. Ya fita fili, yana ta ja da baya, jama'a suna leƙensa ta tagogi. Daga bakin ƙofar makaranta ya ɗaga murya, "Daga nan sun koma biyu!" Sai muka ji ƙarar kabu-kabu. An ce a Achida kawunan suka gama haɗewa, domin can ya yi sati guda.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Washegari na je na ce wa Mu'azu a sauke hoton. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, manyan baƙi sunka buɗe shi, a bari ƙura ta lafa." Bayan sati biyu na koma. Ya rufe ƙofar ofis, ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, in gaya maka gaskiya? Tun da anka kafa hoton ga ba yaron da ya sake makara. In yaro ya yi surutu, malami shi ce za a kai shi gaban Mai Kai Uku, sai ka ji aji ya yi shiru. Iyaye har godiya suka zo yi."

Shekara goma sha tara ina tsaye a bakin ƙofar nan da bulala ban kashe makara ba. Wannan kuma yake faɗa min kamar abin da zan yi murna da shi.

Sai lokacin da shinkafa ta fara nuna ya zo, tsuntsayen jan-baki suka sauka a fadamar Wurno kamar hadari. Wani manomi, Kyauta, ya ji labarin yadda yara suka fita ta taga, ya je wurin Halliru ya ce a wanke masa kwafi ɗaya. Ya kafa shi a kan sanda tsakiyar gonarsa. Cikin kwana uku maƙwabtansa suka bi sahu. Yau in ka bi hanyar Goronyo, ka dubi dama ka dubi hagu, ni ne. An kai ni Rabah, an kai ni gonakin bakin madatsa, an ce har wani mai lambun tumatir ya yi odar guda huɗu saboda birai. Halliru ya goge allonsa ya rubuta sabo: INJINIYA HALLIRU, MAGANIN TSUNTSU DA MAKARA. Ya daina gaishe ni da Baba Hedimasta, yanzu "abokin sana'a" yake ce min.

Saboda haka nake sanar da dattawan gari da shugabannin ƙungiyar masu hoto na yankinmu cewa ba kuɗi nake nema ba, kuma ba zan karɓi buhun shinkafar da manoma suka aiko min ba, yana nan a zaure duk mai shi ya zo ya ɗauka. A sauke abin da ke bangon zauren taro, a tattaro na gonaki har na wurin birai a ƙona a gabana. A kawo mai hoto na gargajiya, mai ido ɗaya, ya ɗauke ni sau ɗaya a jikin bangon gidana. In riga ce kaɗai ta fito, na yarda, a rubuta sunana a ƙarƙashinta. Shi kuwa Halliru a kai shi tudun nan na Goronyo da tsakar rana, ya tsaya cikin da'ira, ni zan riƙe littafin, kuma ni ba na gaggawa wurin karatu.

Na ga alamar ba mai niyyar motsawa, shi ya sa jiya da hantsi na sa rigata mai aska takwas, na ɗauki sandata, na nufi gonar Kyauta don in tumɓuke na farkon da hannuna. Na ratsa kunya-kunya har tsakiyar shinkafa, na tsaya a gaban abin, na juya masa baya ina kiran mai gona ya zo ya shaida. Ban rufe baki ba sai na ji fuuu. Jan-baki, waɗanda sati uku ba su kusanci wurin ba, suka sauko gabana suka hau ci. Na daka musu tsawa irin wadda take tsayar da yara ɗari shida a fili. Ko gezau. Ɗaya ma ya sauka a kan hulata.

Kyauta ya taho a guje, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, yana haki.

"Baba Malam, don girman Allah ɗan matsa gefe. Ka tare musu hoton."